Ludayin da Ya Rage a Ƙasa

Rannan aka yi suna a gidan ɗana a Gidan Rumji, inda nake zaune tun da na ajiye alli. Da jama'a ta watse sai na fito tsakar gida na tarar ana share cokulan roba da tsintsiya, farare fat, an tara su tsibi guda tare da ƙasusuwan rago da ledojin ruwa. Na tambayi surukata ko za a wanke su. Ta yi dariya ta ce, “Kaka, wa za shi wanke wanga? Leda guda anka sawo, gobe in an so a sawo wata.” Gaskiyarta ce, kuma yarinyar kirki ce wadda ba ta taɓa barina da yunwa ba. Amma abin ya sosa mini rai. Ina juyowa na ga wata yarinya da ke zaune a wurinmu, wadda aka gudo da ita daga ƙetaren iyaka, ta tsuguna gefen randa tana wanke nata cokalin guda ɗaya, ta goge shi da bakin zanenta, ta mayar cikin ledar da aka ciro shi. Na daɗe ina kallonta, sannan na shiga ɗaki na buɗe akwatina na ciro ludayina.

Ludayin duma ne, luddai kamar yadda muke cewa a can wajen Cadakori inda na tashi. Ya yi ja saboda tsufa, bakinsa ya cinye ta gefen da nake sha, kuma an taɓa ɗinke shi inda ya tsage. A gindin mariƙinsa akwai zanen ƙaho biyu da aka ƙona da bakin wuƙa. Jikokina sun san shi, suna ce masa kayan tarihin Kaka, amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi ya zama nawa. Ni ma ban matsa ba, don yaran yanzu in ka fara ba su labari ido ɗaya yana kanka ɗaya yana kan waya.

Ba a gidan da na tashi aka haife ni ba. Ubana makiyayi ne. Kowace kaka, in an gama girbi, yakan sauka da shanunsa a gonar wani gida na manoma, shanu su ci kara su bar taki, uwata kuma ta kai nono cikin gida ta dawo da hatsi. Haka iyayensu ma suka yi da juna. Wata shekara uwata ta rasu a hanya, ni kuwa ban kai in bi shanu da ƙafata ba, kuma na yi girman da ba a goya ni. Sai ubana ya ɗauko ni a wuya ya kawo ni wurin tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Iya. Hausarsa ba ta da yawa. Abin da na riƙe shi ne ya durƙusa ya ce, “Iya, amana. Kaka ta zo, ni na zo.” Iya ta ce masa ya tafi lafiya, ta ja ni jikinta, ta ce ina warin man shanu. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wasu makiyayan suka sauka a gonar, aka tambaye su, wani ya ce an gan shi can kudu, wani ya ce bai taɓa jin sunansa ba. Ni dai duk sanda na ji kukan shanu a bayan gari sai na ajiye abin da ke hannuna na ruga.

Gidan babba ne, gandu guda, tukunya guda. Akwai maigida, mijin Iya, da 'ya'yansu maza biyu da muke kira Baba Babba da Baba Ƙarami, da matansu, da yara rututu. Abin da ya fi zauna mini a kunne daga gidan nan ba luguden taɓarya ba ne ko kukan zabi, ƙarar ludaya ce. Iya ta ɗaura wata doguwar igiyar kaba daga ginshiƙin rumfa zuwa bangon madafi, a jikinta kuwa ludaya ne rataye reras, kowane da zanensa, kowane da mai shi. In iska ta taso sai su dinga bugun juna, ƙwal ƙwal, a hankali, har barcin rana ya ɗauke ka. Kuma igiyar nan tana da dokokinta, waɗanda ba a taɓa zaunar da kowa an karanta masa ba amma kowa ya sani. Jariri ba shi da ludayi sai ranar da aka yaye shi. Amarya takan samu nata ranar da ta fara girki. Wanda ya tafi cin rani ba a sauke nasa, sai dai a juya bakinsa ya dubi bango har ya dawo. Wanda ya mutu, bayan an yi sadaka, Iya da kanta take kwance nasa ta shiga da shi ɗaki, ba mu sake ganinsa. Baƙi kuwa suna da nasu daban, ba zane ba komai, cikin wata taskira a ƙarƙashin rumfa, kowa ya zo ya ɗauki wanda hannunsa ya kai.

Dalilin wannan duka shi ne Iya ba ta ƙirga mutane. Tana ƙirga ƙwai, tana ƙirga zabi, kuma ba mai sayar da gishirin da ya taɓa cutarta, amma ɗan Adam, a'a. Tana tsoron baki, kuma tana ganin rashin kunya ne bawa ya tsaya yana lissafa abin da Allah ya ba shi kamar mai shirin kai ƙara. In baƙuwa ta tambaye ta jikokinta nawa, sai ta ce alhamdu lillahi, in an sake tambaya ta sake cewa alhamdu lillahi da ƙarfi, sai mai tambaya ta gane. Wata rana wani jikanta ya tsaya gaban igiya yana nunawa da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Bai kai huɗu ba faifai ya same shi a ƙeya. Ta ce, “Wanda ya halicce su ya san yawansu, kai wa ya aike ka?” Duk da haka ba ta taɓa dama furar da ta kasa ba, kuma yaro bai taɓa ɓacewa ta kasa sani ba. In an sauke ƙwarya, ido kawai take ɗagawa. Ludayin da ya rage a igiya bakinsa na kallon tsakar gida, to mai shi ba ya nan, sai a tashi nema. Ni wannan bai zame mini baƙon abu ba, don a rugar ubana akwai dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, kowane maraƙi da madaukinsa. Shi ma ba ya ƙirga shanu. Da yamma yakan bi igiyar da ido, in ya ga madauki ba wuya a ciki sai ya ɗauki sanda.

Ni da ludayin taskira nake sha. Kada a ɗauka an wulaƙanta ni, ko kaɗan. Tabarma guda muke kwana da Iya, in an yi wa 'yan matan gidan zanen salla ana yi mini, in an yi duka kuma ba a tsallake ni. Iya takan kira ni 'Yar Hillani mai wuyan balbela, ni kuma in ce mata tsohuwa mai haƙori ɗaya, ta bi ni da muciya tana dariya. Sai dai ni amana ce, ajiya ce ta wani, kuma ba a rataye wa ajiya ludayi. Abin dariyar ma, wankin ludayan aikina ne. Kowace safiya nakan kwance su, in goge da toka da soso, in kife su a kan kara su sha rana, in mayar da kowane gurbinsa. Na san na Baba Babba mai zanen gatari, na san na matarsa mai ɗigo uku, na san wanda ƙaramin yaro ya tauna wa baki. In na gama sai in jefa nawa cikin taskira. Ban taɓa kuka a kan haka ba, amma ban taɓa jefa shi ba tare da abin ya dame ni ba. Wata damina kuma na tarar da wani ludayi a can ƙarshen igiya, kusa da na Iya, mai zanen ƙaho biyu, ya sha hayaƙi da mai har ba ka ce sabo ne ba. Ba wanda ke ɗaukarsa. Na ce a raina na wani ne da ya yi tafiya tun ban zo ba, na ci gaba da wanke shi tare da sauran.

A daminar nan ce maigida ya rasu, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai gama ƙosawa ba. Da aka yi girbi, dammunan da aka tara a bakin rumbu ba su kai yadda aka saba ba, kowa ya gani ya kawar da kai. 'Yan'uwan biyu suka shirya za su raba gandu, kowa ya ja iyalinsa da tukunyarsa. Ba faɗa suka yi ba, lokaci ne ya yi. Ina sussuka a bayan danga na ji Baba Babba yana gaya wa ƙanensa, murya ƙasa ƙasa, cewa akwai makiyayan da za su wuce kudu bayan kasuwa, gara a ba su yarinyar nan su nema mata danginta, don bana kowa ya san bakin da ke gabansa. Baba Ƙarami bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ba mugunta ce ta sa Baba Babba ba, yara gare shi da yawa, kuma tsoro ya kama shi. Amma ni a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne za a miƙa ni ga mutanen da ban taɓa gani ba, da harshen da ya riga ya zube daga bakina, in bar Iya. Ban gaya mata na ji ba. Na dai daina tsokanarta, ita kuma ta lura, ta bar ni.

Ranar rabo da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a bakin rumbu, aka kira liman ya zama shaida. Aka fitar da zakka, aka ware iri. Mata da yara muka tsaya daga baya. Baba Babba ya ce, “To, sai a raba bisa mutanen gida, kowa da rabonshi.”

Iya tana zaune a kan turmi tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Mutanen gida su wa ke nan?”

Ya ce, “Iya, ai an san su. Jinin gidan ga.”

Ta ce, “To matarka ta koma gidan ubanta ta ci can, da ita da matar ƙanenka. Ni ma sai in bi su, don ni ma kawo ni anka yi.”

Mata suka fara rufe baki da gefen mayafi. Ya ce ba haka yake nufi ba, waɗanda suka yi noman yake nufi. Ta tambaye shi ko ɗansa na yaye ya riƙe hauya bana, ko ita da gwiwarta ta hana ta fita ƙofar gida. Ya ce to, masu kwana a gidan. Ta ce madalla, sai a cire babban ɗansa da ya tafi cin rani tun kafin girbi. Nan ya gane abu biyu lokaci guda, wannan maganar ta fitar da ɗansa kuma ta shigo da ni. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Baba Babba ya share gumi ya ce, “Iya, mi ya kawo wahala? Ga igiyarki can. A bi igiya.”

Ta ce, “Hwaɗi yadda Malam zai ji. A bi ta yaya?”

Ya ce, “Duk luddan da ke rataye ga igiya, a aza mishi dame. In an kai ƙarshe a sake komowa, har dammuna su ƙare.”

“Har wanda ke kallon bango?”

“Har shi.”

“Na taskira hwa?”

Ya ce, “Ban da na taskira.” Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ma ƙasa nake kallo.

Iya ta juya ga liman ta ce, “Malam, ka ji da kunnenka, ba ni na hwaɗa ba.” Liman ya ce ya ji.

Aka kwanto igiyar ɗungurungum aka shimfiɗa ta a ƙasa, ludaya suka jeru da tazara. Samari suka dinga ɗauko dami suna ajiyewa a gaban kowane ludayi, su kai ƙarshe su dawo farko. Ba wanda ya ƙirga komai. Maza dama ba su taɓa tsayawa sun dubi igiyar nan ba, kowa nasa kawai ya sani. Matan gidan kuwa sun sani sarai, don na ga matar Baba Babba ta dubi ƙarshen igiyar, ta dubi Iya, ta gyara goyonta ta yi gum. Da dammuna suka ƙare Baba Babba ya miƙe ya ce alhamdu lillahi, kowa ya samu.

Iya ta ce, “Kowane luddai ya samu, wannan na gani. Ko kowa ya samu, ban gani ba tukuna. Kowa shi zo shi ɗauki luddanshi shi tsaya bisa hatsinshi.”

Aka taso. Manya suka ɗauka, yara suka ɗauka, uwar wanda ya tafi cin rani ta ɗauki na ɗanta ta haɗa da nata, Iya ta aiki wata jikarta ta miƙo mata nata. Kowa ya tsaya a gaban tsibinsa. Abin a fili yake, ko makaho ya shafa zai gane. A ƙarshen igiya ga ludayi guda a ƙasa da hatsinsa ba mai shi, a bakin danga kuma ga ni tsaye hannu sake.

Baba Babba ya ce, “Wancan na wa ne?”

Iya ta ce, “Ni ba ni ƙirgan mutane, ka sani. Amma ga luddai ba hannu, ga hannu ba luddai. Kai da ke da ido, duba mini ko akwai wani da ya rage.”

Ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, “Yaushe anka rataye shi?”

Ta ce, “Tun ubanka na da rai, kuma da saninshi. Tambayi mai wanke su.” Sannan ta kira ni, ba da sunan tsokana ba, da sunana na yanka, ta ce in zo in ɗauka.

Na tsaya inda nake. Sai a lokacin na gane ƙahon nan biyu na wane ne, na kuma gane abin da ya hana ta gaya mini duk tsawon damina. Muddin ina sha da na taskira, ni baƙuwa ce mai jiran ubanta. In na ɗauki wannan, kamar na yarda ba zai zo ba ke nan. Na buɗe baki da kyar na ce, “Iya, in Baffana ya zo hwa?” Ta ce, “In ya zo sai ki tahi da abinki. Luddai ba shi da nauyi.” Na je na ɗauka, na tsaya a gaban hatsina ina kuka, ban san na murna ba ne ko na maraici, ina jin duka biyun ne.

Baba Babba ya daɗe yana kallon uwarsa. Can ya girgiza kai ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Iya, kin ɗaure ni da bakina.” Ta ce ita gyaɗa kawai take ɓara. Tun da Iya a ɓangarensa za ta zauna, ni ma can na faɗa, kuma shi da kansa ya sunkuya ya ɗauki dammunana ya kai rumbunsa. Shekarar ta yi wuya, mun ci ganye mun sha ruwan kanwa da ɗan gari, amma ba a sake tayar da maganar makiyayan kudu ba. Shi ne daga baya ya riƙe hannuna ya kai ni lakol, wato makarantar boko, shi ne ya aurar da ni, kuma ya fi kowa zubar da hawaye ranar. Ubana bai dawo ba.

A lakol, da muka yi nisa, wata rana mushe, malaminmu, ya zana da'ira biyu a tablo, wato allo, ya cika kowace da ɗigo, ya dinga jan layi daga ɗigon wannan zuwa na waccan. Ya ce ba sai an ƙirga ba kafin a san taro biyu yawansu ɗaya ne, a haɗa su ɗaya da ɗaya kawai, in ba wanda ya rage a nan, ba wanda ya rage a can, shi ke nan. Ya ce kuma kafin ka tambayi yawan taro, sai ka faɗi a fili wa ke ciki wa ke waje, ta yadda ba mai gardama. Yara suka zuba masa ido kamar yana kiran aljanu, ni kuwa ina zaune ina jin ƙwal ƙwal a kunnena. Daga ranar na kamu da son lissafi, har na zama mai koyar da shi, na koyar a Agiye, na koyar a Gazawa. Na wahalar da 'ya'yan mutane, na sani. In yaro ya ce mini kowa ya samu kujera, sai in tambaye shi ko kowace kujera ta samu mutum. In ya ce duka, in ce duka ɗin wa da wa. Har suna suka sa mini, Madam Su-wa-ke-nan, suna tsammanin ban sani ba. Kwanan baya jikata da ke lise, wato babbar sakandare, ta zo mini da mamaki, wai an ce musu lambobin da ke rabuwa biyu yawansu ɗaya da dukan lambobi, alhali rabi ne. Na ce mata ta ba ɗaya biyu, ta ba biyu huɗu, ta ba uku shida, kowace lamba ta riƙe ninkinta, in ta sami wadda ta rage hannu sake ko wadda ba a ɗauka ba ta zo ta tashe ni. Har yau ba ta tashe ni ba.

Yanzu ba igiya a gidajenmu. Cokula sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya, ba wanda zai rasa, kuma wannan alheri ne, ba zan ce ba alheri ba ne. Sai dai cokalin da yake na kowa ba ya gaya wa kowa cewa shi ɗan gida ne. Yarinyar nan da na ambata, wata maƙwabciyarsu ce ta gudo da ita lokacin da aka watsa ƙauyensu, ta bar ta a hannun ɗana ta wuce neman nata 'ya'yan. Ba a san inda uwarta take ba. Tana ci da mu, tana zuwa lakol da jikokina, surukata tana yi mata kitso da hannunta. Amma ba ta taɓa miƙa hannu ga abinci sai kowa ya ɗauka, kuma in an buga ƙofa ita ce ke fara ɗago kai. Ranar sunan nan wata baƙuwa ta tambayi ɗana ɗiyar wa ce, ya ce baƙuwa ce, tana wurinmu kafin a ga nata. Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi nufin komai ba. Ni dai na ga fuskarta.

Na sa aka bincika mini kasuwarmu da ta Cadakori, ba ludayin duma ko ɗaya, sai roba kala kala. Daga ƙarshe wani tsohon ɗalibina mai tuƙa mota ya samo mini wurin wata tsohuwa a Cadawa, ya kwaso duk abin da ya rage mata, ta haɗo mini da 'ya'yan duma a ƙulle. Na zauna na ƙona wa kowane zane da bakin wuƙa, na ɗaura igiya a barandar ɗakina, na dama fura a ƙwarya na tara gidan. Ɗana yana dariya yana cewa tsufa ya kama Kaka. Na ce kowa ya ɗauki wanda na nuna masa. Na san za su kasa da guda ɗaya, malamar lissafi ce ni, na ƙirga a zuci, Iya ta yafe mini. Kuma na san wadda za ta rage, don ta riga ta ja baya ta jingina da bango. Da kowa ya riƙe nasa sai ga ludayi ɗaya yana lilo a ƙarshen igiya, ja, mai ɗinki, mai ƙaho biyu. Na ce wa ɗana, “Kai da ke da ido, duba mini ko akwai wanda ya rage.” Ya duba, dariyar ta tsaya masa. Shi da kansa ya kira ta.

Ta zo a hankali, ta tsaya ba ta taɓa ba. Ta ce, “Kaka, in innata ta zo hwa?” Na gaya mata abin da aka gaya mini. Ta kwance shi da hannu biyu.

Jikata ta lise ce ta ɓata mini tsari. Ta ce, “Kaka, ai lissahinki bai yi ba, yanzu ke kin rage.” Kafin in nemo amsa yarinyar ta tsoma ludayin cikin ƙwarya, ta ciko shi, ta miƙo mini ta ce in fara sha. Tun ranar haka muke yi, in sha in ba ta, ta sha ta wanke ta rataye. Ludayi ɗaya hannu biyu, da a aji ne da na ja masa jan layi, amma na bar shi haka. Duman da na shuka a bayan madafi ya fara yaɗo a kan danga. Surukata ta ce in ya ƙosa za ta fafe mini sabo, na ce mata ba sauri nake ba.